Sabuwar Ubuntu ta ƙi bari ka shiga bayan ka sa faswod? Dakata tukuna kafin ka sake fomatin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce ka sayi laftof HP ɗan Beljiyam ka sa masa Ubuntu 24.04, instolin ya tafi lafiya lau har ta ce ka zare filash ka danna Enter, amma da ta tashi duk sanda ka sa faswod sai ta dawo da kai wurin sa faswod ɗin, ka sake instolin har sau biyu abu bai canza ba, yanzu kana tambaya ko ka yi na uku ko kuwa ka haƙura ka koma Windows.

Dan Allah kar ka yi na ukun. In filash ɗaya ce, zaɓi ɗaya ka yi, injin ɗaya ne, to abin da ka samu jiya shi za ka samu gobe, sai dai ka ƙara ɓata wuni guda da caji. Na daɗe ina wannan aikin kuma wallahi a cikin kwamfutocin da ake kawo min da wannan matsalar kaɗan ne ƙwarai suka buƙaci a sake musu instolin, yawanci layi ɗaya ko biyu ake rubutawa a wuce wurin.

Abin da ba ka faɗa min ba kuma shi ne ginshiƙin maganar: me take yi daidai lokacin da ka danna Enter? Domin cuta biyu ce daban masu kama da juna. Ta farko, akwatin faswod ɗin zai ɗan girgiza ta rubuto maka da Turanci cewa faswod bai yi ba ka sake gwadawa, wannan ƙin karɓa ne. Ta biyu kuwa ba ta ce maka komai ba, sikirin zai yi baƙi na daƙiƙa biyu ko uku kamar za ta buɗe, wani lokacin har ka ga kibiyar maus, sai kawai ka sake ganin sunanka. A ta biyun faswod ɗinka daidai yake, ta karɓa, ta fara buɗe maka destof ne wani abu ya faɗi ta jefo ka waje. Mai fama da ta biyu ko sau ɗari ya canza faswod babu abin da zai gani.

Ga yadda za ka raba gardama. Kana nan a wurin sa faswod ɗin ka danna Ctrl da Alt da F3 tare. A yawancin HP sai ka haɗa da Fn saboda maɓallan saman an ba su aikin ƙara sauti da haske. Baƙin allo zai fito da sunan kwamfutar da kalmar login: a gabansa. Nan ka rubuta sunan yuza, ba cikakken sunanka da kake gani a sikirin ba, a'a gajeren nan mai ƙananan baƙaƙe da ta samar maka lokacin instolin, galibi sunanka na farko ne. Kar ka rubuta root, wato asusun mai cikakken iko a kan sistem, Ubuntu a kulle take barin wannan asusun tun asali. Sai ta nemi faswod, kuma ka sani babu abin da zai bayyana kana rubutawa, ba taurari ba ɗigo, mutane da yawa nan suke tsorata su ce kibod ya mutu, bai mutu ba, haka aka yi ta, rubuta ka danna Enter.

In ta ce Login incorrect, matsalarka ta faswod ce ko ta kibod. In ta shigar da kai ka ga sunanka da alamar dala tana jiran umarni, to faswod ya fita daga zargi, tsallake zuwa ƙasa inda na ce toh yanzu ta biyun.

Bari in fara da ƙin karɓa, don a nan ƙasashen namu yana da wani dalili da ba kasafai ake kawowa ba. Injinan da muke saye na hannu ne, daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, kuma abin da aka rubuta a kan maɓalli ba shi ne abin da kwamfuta take gani ba, ita tsarin da aka zaɓa mata kawai ta sani. Ɗan Ingila da ɗan Amurka sun bambanta: a na Amurka Shift da 2 alamar @ ce, a na Ingila alamar zance ce, Shift da 3 a na Amurka # ne a na Ingila alamar fam ce. Har tsarin da ake kira English (Nigeria) yana da nasa, Shift da 4 alamar naira yake bayarwa maimakon dala. Na Faransa da Beljiyam kuwa, wanda ya cika hannun 'yan'uwanmu na Nijar, shi ne babba, A da Q sun yi musanya, Z da W ma haka, M ta koma gefen L, lambobi kuma sai ka danne Shift suke fitowa.

Akwai wani ɗalibi da ya zo min daga Maraɗi da irin wannan injin. Abokinsa ne ya yi masa instolin da wani kibod na waje da ya jona, ya bar tsarin a na Amurka, ya rubuta masa faswod a takarda, a ce Azumi24 ne. Yaron nan kwana biyu yana bugawa yana kallon maɓallan, harafi bayan harafi da yatsa ɗaya don kar ya yi kuskure, ta ƙi. Da ya zo ban taɓa komai ba, ce masa na yi ya danna Not listed? a ƙarƙashin sunansa, ya rubuta faswod ɗin a akwatin suna inda ake ganin rubutu. Abin da ya fito shi ne Qwu;i@$. Ya tsaya yana kallon sikirin yana kallon yatsunsa. Kai ma yi wannan gwajin, ko ka danna 'yar alamar idon da ke cikin akwatin faswod ka ga abin da kake rubutawa da idonka. In da kanka ka yi instolin kuma ba ka canza tsarin kibod tsakanin lokacin da ka ƙirƙiri faswod da yanzu ba, wannan ba lallai ya same ka ba tunda maɓallan da ka danna jiya su za ka danna yau, amma gwajin daƙiƙa goma ne, yi shi.

Ka kuma duba Caps Lock, da Num Lock musamman a ƙananan laftof marasa ɓangaren lambobi a gefe, wasu in Num Lock na kunne J da K da L sukan koma 1 da 2 da 3, U da I da O su koma 4 da 5 da 6. Sannan shawara ta gaba, kar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ a faswod duk da akwai tsarin kibod na Hausa a Linux, ranar da ka faɗa baƙin allo za ka rasa inda za ka samo su.

In duk ka duba bai yi ba, canza faswod ɗin kawai, ba sai an goge komai ba. Ka kashe ka kunna, da zarar tambarin HP ya wuce ka danna Esc sau ɗaya, in tsohon tsarin BIOS ne ka danne Shift, jerin GRUB zai fito, wato jerin zaɓin da ke tayar da Ubuntu. A HP ka kula, in ka yi saurin danna Esc jerin HP ɗin kansa ne zai buɗe, sai ka sake. Ka zaɓi Advanced options for Ubuntu, ka zaɓi layin da ya ƙare da recovery mode, a jerin da zai biyo ka sauko kan root ka danna Enter. Sai ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

mount -o remount,rw /
ls /home
passwd sunanka

Na farkon yana buɗe dis ɗin ne don a iya rubutu a kai, na biyu zai nuna maka ainihin sunan yuza in ka manta, na uku zai nemi sabon faswod sau biyu, kuma duk inda ka ga sunanka a cikin umarni sunan yuzanka za ka sa a wurin. A nan ka sa na wucin gadi da baƙaƙen da ba sa canza wuri a kowane kibod, misali tsuntsu, babu lamba babu alama, in ka shiga ka gyara tsarin kibod sai ka sa mai ƙarfi. Gyaran kibod ɗin kuma sudo dpkg-reconfigure keyboard-configuration ne (sudo yana ba umarni ikon root ne, zai nemi faswod ɗinka), ka zaɓi wanda ya dace da abin da ke rubuce a maɓallanka, ka sake kunnawa. Abu ɗaya, in lokacin instolin ka zaɓi a rufe dis da kalmar sirri, wadda take tambaya tun kafin sikirin ɗin shiga ya fito, wannan daban take da faswod ɗinka kuma wannan hanyar ba ta canza ta, in ita ce ta ɓace babu mai buɗe maka.

Toh yanzu ta biyun, wadda ni ina ganin ita ce taka tunda ka ce dawo da kai take yi. Ka shiga baƙin allo ko? Fara da df -h ka duba layin da ya ƙare da / da na /home in akwai. In ka ga 100% ka samu ɓarawon. Destof ba ya tashi sai ya rubuta wasu ƙananan fayiloli, in babu wuri sai ya faɗi. Za ka ce sabon instolin ta ina zai cika? Yana cika in ka yanka fatishan, wato ka raba dis gida-gida, da hannu ka ba wa / ɗan ƙaramin wuri, ita Ubuntu ta destof gigabait 25 take nema mafi ƙaranci. Kuma na sha ganin wasu laftof da wata na'ura a cikinsu ke ta aiko da saƙon kuskure na PCIe ba tsayawa, fayil ɗin /var/log/syslog ya kumbura ya cinye dis cikin 'yan awanni. Rubuta ls -lhS /var/log ka ga wanda ya fi girma a sama. sudo apt clean da sudo journalctl --vacuum-size=100M za su samar maka wurin numfashi, in syslog ne ya kumbura sudo truncate -s 0 /var/log/syslog zai kwashe shi, daga baya a nemi abin da ke haddasa surutun.

In wuri bai cika ba sai mu duba mallaka, kuma a nan ina so ka tuna da kyau: ka bar wani tsohon fatishan na /home daga Linux ɗin da ke kai a baya? Ko ka kwafo tsohuwar foldarka daga wani dis da sudo? Linux ba sunanka ta sani ba, lamba ta sani. Yuza na farko da aka ƙirƙira lambarsa 1000, na biyu 1001, haka. In a tsohon sistem kai ne na biyu, fayilolinka duk na 1001 ne, yanzu kuma ka dawo 1000, suna ɗaya amma a wurinta baƙo ne kai a ɗakinka, ba ka da izinin ajiye ko allura. Rubuta id ka ga lambarka, ka rubuta ls -ln /home ka ga lambar da ke kan foldar. In sun saɓa, ko ka ga 0 wato root:

sudo chown -R sunanka:sunanka /home/sunanka

Ka natsu wurin rubuta wannan, kar ka bar tazara bayan / ɗin farko, in ka yi kuskuren ba shi / kaɗai zai canza mallakar sistem ɗin gaba ɗaya, a nan ne fomatin zai zama dole da gaske. In kuwa da ka shiga baƙin allon ta rubuto No directory, logging in with HOME=/ to foldar ma ba ta gan ta ba kwata-kwata, watau fatishan ɗin /home bai hau ba, sai a duba /etc/fstab a gwada lambobin UUID, wato lambar shaidar kowane fatishan, da abin da sudo blkid ya nuna.

Za ka ga ana yawan cewa a goge .Xauthority. Gaskiya ne yana jawo wannan in root ya mallake shi, yawanci bayan mutum ya rubuta sudo startx, amma ya fi shafar masu Linux Mint da Xubuntu da ke amfani da LightDM, wato manhajar da ke nuna sikirin ɗin shiga. Ubuntu ɗinka GDM take amfani da shi kuma shi a wani wuri daban yake ajiye nasa. Ba laifi ka duba da ls -lA ~ in ka ga root a gabansa ka goge, amma kar ka ɗora rai a kai. Duba /tmp ma da ls -ld /tmp, ya kamata farkon layin ya zama drwxrwxrwt da t ɗin nan a ƙarshe, in ba haka ba sudo chmod 1777 /tmp.

Gwajin da na fi so a duk cikinsu shi ne ƙirƙirar sabon mutum. Rubuta sudo adduser gwaji, ka ba shi faswod, sauran tambayoyin ka yi ta danna Enter, ka koma sikirin ɗin shiga da Ctrl Alt F1 ka shiga da shi. In gwaji ya shiga lafiya, sistem ɗin ƙalau yake, dattin a foldarka yake. Sai ka koma baƙin allo da sunanka ka kawar da tsofaffin saituna gefe, kar ka goge, canza musu suna kawai: mv ~/.config ~/.config.tsoho, haka ma ~/.local/share/gnome-shell in akwai, domin ƙarin kayan GNOME, wato destof ɗin Ubuntu, na tsohuwar siga suna iya kayar da sabuwa. In ka taɓa liƙa wani abu a ~/.profile da ka kwafo daga intanet shi ma abin zargi ne, cp /etc/skel/.profile ~/ zai dawo da na asali.

In gwaji ma an jefo shi waje, to kusan kullum katin hoto ne. Mafi sauƙi tukuna: danna sunanka, kafin ka sa faswod duba ƙasa ta dama akwai 'yar alama kamar giya, danna ta ka zaɓi Ubuntu on Xorg, sannan ka shiga. In tana kan Xorg ɗin ne ka gwada ɗayan, Wayland. Hanyoyi biyu ne na zana hoto a sikirin, wasu injinan suna jituwa da ɗaya su ƙi ɗaya, kuma 24.04 tana da duka biyun. In Xorg ya yi maka kana so ya zauna, buɗe /etc/gdm3/custom.conf da sudo nano ka cire # da ke gaban WaylandEnable=false.

Sannan rubuta lspci | grep -iE "vga|3d" ka ga irin katin. In Intel ne kaɗai ko AMD da wuya ya ba ka wahala, direbobinsu a cikin sistem suke zuwa. In ka ga NVIDIA, irin su ZBook da Omen da wasu Pavilion suna da shi, to ga tambaya: bayan instolin, kunnawar farko, wani shuɗin allo ya fito mai ɗauke da Perform MOK management? Kusan kowa Continue boot yake dannawa don ya wuce da sauri, kuma nan ake yin asarar. In Secure Boot, wani tsaro da ke cikin BIOS, na kunne, injin ba ya yarda ya loda direban da bai san sa hannunsa ba, shuɗin allon nan shi ne damar da aka ba ka ka gabatar masa da makullin, wato ka zaɓi Enroll MOK ka sa kalmar da aka ce ka ƙirƙira lokacin sa direban. In ka tsallake, direban da aka haɗa a kan injinka yana nan amma ba zai tashi ba. Duba da mokutil --sb-state, in ta ce enabled, hanya mafi gajarta don gwaji ita ce ka shiga BIOS da F10 ka kashe Secure Boot ka gani. In ya shiga ka san inda matsalar take. In bai shiga ba ka cire direban gaba ɗaya ka sa wanda Ubuntu ta ga ya dace:

sudo apt purge '^nvidia-.*'
sudo ubuntu-drivers install
sudo reboot

Wannan yana son intanet, kuma a baƙin allo babu inda za ka danna Wi-Fi da maus. Rubuta nmtui zai fito maka da jerin da za ka zaɓa da kibiyoyi, ko ka jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering, nan take za ta kama. Ka tanadi data don direban NVIDIA ɗaruruwan megabait ne. Kuma ni ba na ba kowa shawarar ya sauko da fayil ɗin .run daga shafin NVIDIA ya sa da hannu, ya fi kowace hanya jawo wannan matsalar da zarar an sabunta kanel, wato zuciyar sistem ɗin Linux.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wuta. Laftof na hannu batirinsa sau da yawa minti ashirin ne, ana cikin sabuntawar farko a ɗauke wuta ya mutu, wasu fakitoci sun sauka ba a gama saita su ba, destof ya zama rabi da rabi. In hakan ta faru da kai ko kana zargi, sudo dpkg --configure -a sai sudo apt --fix-broken install sai sudo apt install --reinstall ubuntu-desktop gdm3, ka tabbata caja na jone kuma wutar za ta kai ka.

Tunda kuma ka ce sau biyu kana yi abu ɗaya na fitowa, ina zargin filash ɗin ma. Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kusa gigabait shida, in da netwok mai yankewa aka sauko da shi ko aka karɓo daga wayar wani zuwa ta wani, yana iya lalacewa a tsakiya kuma ya yi instolin kamar lafiya. A shafin da ake saukar da shi akwai fayil mai suna SHA256SUMS, ka rubuta sha256sum da sunan fayil ɗinka, ko a Windows certutil -hashfile sunan fayil SHA256, ka gwada dogayen lambobin, harafi ɗaya ya saɓa to fayil ɗin ya lalace. In ka cire kuskuren chown ɗin nan na sama, wannan ne kaɗai yanayin da zan ce maka sake instolin, shi ma da sabon fayil da wata filash ɗin daban.

In ka bi duk wannan ba ta buɗe ba, sake gwada shiga sau ɗaya don kuskuren ya zama sabo, nan take ka koma Ctrl Alt F3 ka rubuta journalctl -b -p err --no-pager | tail -n 40 ka ɗauki hoton sikirin da waya, a miƙe yadda rubutun zai karantu, ka haɗa da abin da df -h da id da ls -ln /home da lspci ɗin nan suka nuna, da cikakken sunan injin da ke rubuce a ƙarƙashinsa, ka turo min. Ka duba kar faswod ɗinka ya fito a hoton, don wani lokaci mutum yakan rubuta shi a wurin suna bisa kuskure ya zauna a saman allo.